Yadda Liman Ya Je Kebbe Koyon Tsayuwa

Tun da na dawo daga Kebbe ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a wurin suna, har a gidan gaisuwa, sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Liman, wai gaskiya ta ka tafi koyon damben Caina?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Shekaranjiya aka ce mini wai yanzu ina tsallake katanga. To, ga yadda abin ya kasance, daga bakin mai shi.

Shekara ashirin da shida ina jan salla a ƙaramin masallacin unguwarmu a Tambuwal, inda mahaifina ya ja kafin ni. Da damina santsi ya kwashe ni a wurin alwala. A asibiti aka duba aka ce babu karaya, amma tun daga ranar ƙafata ta hagu ta daina amincewa da ni, ni ma na daina amincewa da ita. In zan tashi daga sujada sai na saci jiki na dafa bango, ina tsammanin babu mai gani. Wata La'asar, a raka'a ta biyu, na yunƙura ƙafar ta ce ba ta san zancen ba, na koma zaune daɓas. Na'ibina, Malam Hali, ya shige gaba ya ƙarasa sallar. Kowa ya san hukuncin a wurinmu: wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu tsayuwa. Washegari dattawan unguwa suka zo da ladabi suka ce in ɗan huta har ƙafa ta yi sauƙi. Na san irin wannan hutun. Na ga waɗanda aka ba shi, ban ga wanda ya dawo ba.

Kulu, 'yata da ke aikin jinya a Sakkwato, ita ta kawo zancen. Ta ce akwai wani motsa jiki na mutanen Sin da ake kira taici, ana yin sa a hankali, yana taimaka wa tsofaffi masu yawan faɗuwa. Ta kuma ji cewa akwai mai koyar da shi a wani ƙauye bayan Kebbe, wani tsohon malamin gona da aka taɓa tura shi ƙasar Sin koyon noman shinkafa, har ake ce masa Sambo Caina. Na ce mata ni da wannan gemun ba zan je in yi wasan yara ba. Ba ta yi mini gardama ba. Ta ce, "Baba, kai kaɗai kas san inda kaka son tsayawa cikin masallacin nan." Sati guda maganar tana cina, sannan na ce a shirya mini jaka.

Taubashina Mainasara, mahauci, da ya ji labari sai ya ce ko ana ha-maza ha-mata da shi za a tafi. Shi fa tun yana saurayi babu fim ɗin Caina da ya wuce shi, ya ɗauka yanzu ne zai koyi dukan mutum goma a lokaci guda. Na yi masa dariya ƙwarai, ban san ni ma abin dariyar ba ne. Domin shirin da na yi, shirin zuwa wurin mai magani ne. Na sayi goro, na kama jan zakara, na wanke jarka babu kome a ciki don in zubo abin da za a ba ni in sha ko in shafa. A zatona kowane gwani yana da laƙani, in ka je da ladabi ya ba ka. Na ce wa iyali kwana uku zan yi.

Muka hau mota a tashar Tambuwal da hantsi, lokacin kaka, gero ya fara shiga rumbu. Direba ya ba ni gaba don girmamawa, sannan ya cuso wani ƙaton ɗan tireda kusa da ni, girmamawar ta koma matsi. Mainasara na baya da zakara a cinya yana ba fasinjoji labarin yadda ake karya bulo da goshi.

Mun kusa shiga ƙasar Kebbe muka tarar da shingen 'yan sa-kai, an gindaya icce a hanya, maza da bindigogin toka. Kowa ya san 'yan bindiga ne suka sa ake tsare hanya a yankin nan, don haka kowa ya kama bakinsa. Wani daga cikinsu ya leƙo yana tambayar kowa inda za shi. Kafin in buɗe baki Mainasara ya ce, "Koyon faɗa za mu, can hanyar Fakku."

Aka ce mu sauka, mu da kayanmu. Ga ni tsaye a rana da rawani, ƙafa na rawa, ana kwance mini jaka, ana shinshina jarka. Raina ya ɓaci, na ce wa Mainasara in Allah ya fid da mu daga nan sai na sa an aske masa gemu. Shugabansu ya zo, wani dattijo mai faɗin ƙirji, ya ce, "Malam, wane faɗa kaka shirin koyo da wagga ƙafa?" Na ce wurin Sambo Caina za mu. Sai ya tuntsire da dariya har ya dafa mota. "Rawar tsofaffi! Ku ƙyale su, rawar tsofaffi za su. Kawuna ma shina can." Ya sa aka mayar mana da kaya, ya roƙi addu'a. Na yi masa, amma sunan nan na rawar tsofaffi ya tsaya mini a wuya har Kebbe.

A Kebbe muka sha fura da nono mai kauri wadda ban taɓa shan irinta a Tambuwal ba, kada mutanenmu su ji haushi. Na yi Azahar a zaune a sahun ƙarshe, jikin bango, cikin mutanen da babu wanda ya san ni. Wani yaron liman ne ya ja, karatunsa ma ban ji ba don a ɓoye ake yi, amma na zauna ina kishinsa don kawai yana tashi ba tare da tunani ba.

Daga nan babura suka kai mu bakin gulbi. Ruwa bai gama janyewa ba, sai da kwalekwale. Tsakanin gaɓa da jirgin akwai laka, na dube ta na kasa ɗaga ƙafa. Mai jirgin bai tambaye ni ba, ya sunkuce ni ya ajiye a ciki kamar buhun masara. Mainasara ya ce, "Liman, yau ka hau mutum."

Sambo muka tarar a masussuka yana duba shinkafa. Siriri ne, gajere, ya ba saba'in baya, babu abin da ya yi kama da mutanen fim. Na ga murnar Mainasara ta koma ciki. Bayan gaisuwa na miƙa goro da zakara, na ajiye jarka a gabansa, na bayyana buƙatata kamar yadda ake yi. Ya ɗauki jarkar ya girgiza, ya ce, "Wagga fa?" Na ce ta laƙani ce. Bai yi dariya ba, wannan na gode masa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ni da abin zubawa ciki. Zakara dai mun gode, da shi za mu ci tuwo."

Ya sauke mu a ɗakin zaure, rabinsa buhunan shinkafa, rabinsa mu. Da La'asar sakaliya na ce kafin kome sai na yi masa tambayoyi, don ba zan sayar da addinina saboda ƙafa ba. Akwai wanda ake durƙusa wa? Akwai abin da ake karantawa? Akwai wata kusurwa da ake fuskanta? Ya ce babu ko ɗaya, shi ma sai da ya bincika a can kafin ya shiga. Su mutanen Sin suna gaishe da malaminsu da dunƙulen hannu, shi ya bar musu abinsu, sallama ta ishe shi. In ina so ma in riƙa istigfari a zuci ina yi. Hankalina ya kwanta da wannan.

Sai shi ma ya juyo da tasa tambayar. "Mi kaka so, Malam?"

Na ce ina son ƙafafuna su koma yadda suke da.

"Wanga ba ni da shi. Ko mutanen Caina ba su da shi. Faɗi abu guda."

Abin da ban faɗa wa ko iyalina ba shi na faɗa wa wannan baƙon. Na ce ina so in tashi daga sujada ban dafa bango ba, in koma gaban sahu.

Ya ce, "Awo, yanzu munka fara magana. Amma ba kwana ukku ba na. Wata biyu, wata ukku, wataƙila fuɗu, in kana yi kullum. Kuma ban yi maka alkawali ba, ni ba likita ba na, ka ci gaba da abin da ɗiyarka tac ce. Abin da nika iya ba ka cikin mako guda, ka san ƙafar da nauyinka shika bisa. Shi ke nan."

Na ji kamar ya mare ni. Na baro gida, an kwance mini jaka a hanya, an ɗauke ni kamar kaya, don in san ƙafar da nake tsaye a kai? Da akwai jirgi a lokacin da na juya.

Da safe bayan rana ta fito muka taru a ƙarƙashin wata tsamiya, tsofaffi bakwai har da mu. Matan ƙauyen nasu daban, a cikin gida, uwargidan Sambo ke koya musu. Kafin a fara aka zagaya da ruwan zafi, zalla, babu ganye babu sukari, wai haka mutanen Sin ke yi. Mainasara ya kurɓa ya ce wannan ai ruwan figar kaza ne.

Darasin farko tsayuwa ce kawai. A buɗe ƙafafu daidai kafaɗa, a ɗan saki gwiwa, a zagaye hannuwa a gaba kamar an rungumi tulu, a yi numfashi. Na ce a raina ni da na yi shekaru ina tsayuwar Tarawihi, wannan ai wasa ne. Kafin a ƙirga hamsin cinyoyina suka kama kyarma, gumi ya keto mini a ƙarƙashin rawani. Sambo ya zo ya taɓa mini kafaɗa ya ce, "Sake su, Malam, ba kowa za ya ƙwace maka su ba." Ashe tun ranar da na faɗi nake tafe da kafaɗu a ɗage, ban sani ba.

Daga nan aka koma juya nauyi, daga dama zuwa hagu, a hankali, har ƙafa ɗaya ta zama babu kome a kanta, sannan a ɗaga ta, a ajiye diddige, a sake zuba nauyin kaɗan-kaɗan. Taku guda sai ya ci lokacin da za ka karanta Fatiha. Yanzu na gane abin da ya sa ake ce mata rawar tsofaffi, sai dai rawa ce babu ganga, kuma in ka hango mu daga nesa sai ka ce masu neman allura ne a ƙasa.

Akwai wani Arɗo a cikinmu, tsohon makiyayi, wanda ya zo don ciwon baya. Shi kam tun ranar farko ya tsaya a ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, yana ta mamakin wai wannan har sai an koya wa mutum. Ya ce shi tun yana ƙarami haka yake wuni a bayan shanu. Na ji haushinsa ba kaɗan ba.

Mainasara ya daure kwana biyu, a na uku ya ce, "Malam Sambo, yaushe aka fara shurin?" Sambo ya ce babu shuri a nan. In ma akwai masu yin sa don faɗa, shi bai kai can ba, tsofaffin da ke motsa jiki a lambun shaƙatawa a ƙasar Sin ne suka koya masa. Mainasara ya ce to ya tsaya ya tura shi ya gani. Ya tattaro ƙarfin kayar da bijimi ya tura, Sambo ya ɗan juya ƙugu kawai, sai ga taubashina a cikin tarin ɓuntun shinkafa, hula a gefe. Na rama dariyar kwalekwale har da riba.

Amma ranar nan ita ce mafi muni a wurina, don ita ce ranar da na ce wa iyali zan dawo da lafiya. Da Azahar na shiga ɗaki ni kaɗai na gwada tashi daga sujada ba dafawa. Ko rabi ban kai ba. Cinyoyin sun yi tsami, na fi yadda na zo rauni. Na zauna tsakanin buhunan nan na ji tsoro na gaske, na ce shi ke nan, Malam Hali ya gaji masallaci. Na fita na sami Sambo na ce masa abinsa ƙara lalata ni yake yi.

Ya tambaye ni ina ne ke ciwo, naman cinya ko cikin gwiwa. Na ce cinya. Ya ce, "To madalla, sun farka na. In cikin gwiwa ya soke ka, ka tsaya nan take, kak ka yi jarumta. Amma tsamin nama, kowa da shi yaf fara. Kuma wa yac ce ka gwada? Kai manomi na, kana tone iri kwana ukku da shuka ka ga ko ya tsiro?"

Muka zauna a gindin tsamiya ya ba ni labarin abin da ya gani a can. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki ba injuna ba ne, tsofaffi ne. Da sassafe sai ka ga lambu cike da su, masu furfura, wasu na wannan motsi, wasu na tafiya da baya-baya, babu mai jin kunya, babu mai kallonsu. Tsoho ya ɗauko kayan cefanensa da kansa, kuma ba don 'ya'yansa sun yar da shi ba. Sai ya tambaye ni yaushe rabona da ɗaukar butata. Na yi tunani na rasa. Tun da aka naɗa ni liman, in na miƙa hannu wani ya riga ni. Tabarma a shimfiɗa mini, takalmi a juya mini, in zan je ɗaurin aure a ƙarshen layi a kawo babur. Ladabi ne mai kyau, ba na zaginsa, ni ma haka na yi wa iyayena. Amma shekara ashirin da shida ina zaune ana girmama ni, ƙafafuna suna mutuwa a ƙarƙashina.

Kwana tara na yi maimakon uku. Mainasara ya so gudu, amma kifin gulbin nan da tuwon shinkafa suka riƙe shi, kuma na kama shi sau biyu a bayan rumbu yana juya nauyi shi kaɗai. Abin da na koya bai wuce motsi huɗu ba. Akwai wanda ake kewaya hannuwa a gaban fuska, wanda Sambo ya ce a can sunansa hannun gajimare, amma a ƙauyen sheƙar hatsi suke ce masa. Ni kullum in ya yi dama sai in yi hagu. Ya ce kada in damu da kyau, wanda ya fara ba kyau ake nema a wurinsa ba, kada dai ya fasa. A rana ta bakwai ina tsaye ina alwala sai na ji, ba tare da na duba ba, cewa duk nauyina a dama yake, hagu tana ratayawa kawai. Haka nake tsaye wata da watanni. Na zuba mata rabonta a hankali, ta karɓa. Ba wani abu ba ne da za a ba labari, amma na daɗe ban ji sanyi a zuciyata irin na wannan safiya ba.

Ranar tafiya Sambo ya ce kullum da safe in yi kamar tsawon shan kunu, kada in ƙara don zumuɗi, kada in gwada kaina a gaban jama'a har sai na tashi sau goma a ɗaki ba dafawa, kwana bakwai a jere. Uwargidansa ta cika mini jarkata da man shanu. Masu jiran in ce na shiga kwalekwale da ƙafata su yi haƙuri, ɗaukata aka sake yi.

A gida na zaɓi bayan ɗakin awaki. Kwana biyu maƙwabta suka gano, aka fara leƙe ta katanga, har wata tsohuwa ta zo ta tambayi uwar Kulu a asirce ko a nemo mai ruƙiyya. Na hana kowa taɓa butata, wanda ya jawo mini ƙorafi daga almajiran karatuna na manya. Kuma na yi abin da ya fi duk motsin wuya: sau biyar a rana ina bin Malam Hali. Mutumin kirki ne, bai taɓa zama a kan buzuna ba, nasa yake shimfiɗawa a gefe. Wata na farko na tashi sau biyu a ɗaki. Wata na biyu na kai shida, sai zazzaɓi ya kwantar da ni na koma uku, na yi fushi na daina kwana huɗu, sannan na ji kunya na koma. Sai a cikin wata na huɗu na cika kwana bakwan nan. Ban gaya wa kowa ba sai Malam Hali.

Da Magariba ladan ya tayar da iƙama, Malam Hali ya ja da baya ya shiga sahu, ya bar wurin babu kowa. Na shiga. Raka'ar farko na karanta gajeruwar sura, na yi ruku'u, na yi sujada biyu. Bango yana nan kusa da hannuna na dama. Na kafa ƙafafu, na raba musu nauyi, na saki kafaɗu, na yi kabbara, na tashi.

Na tsaya. Mutum arba'in a bayana suna jiran Fatiha, ni kuwa na buɗe baki babu abin da ya fito. Shirun ya yi tsawo har wani daga sahu na biyu ya ce, "Subhanallah," don ya tuna mini, ya ɗauka mantawa na yi. Ban manta ba. Kuka ne ya zo mini, sai da na danne shi sannan na fara karatu.